Ciwon da Uwarku Ta Ara Mini

Ban taɓa yin korona ba. Na fara da wannan ne don kada in yi ta kewaye-kewaye har ƙarfin halina ya ƙare kafin in kai ga maganar. Ku duka kun riƙe labarin cewa shekarar da aka kulle gari ubanku ya kamu da ciwon nan, aka killace shi a ɗakin baya, Allah ya tashi kafaɗunsa. Har gobe akwai masu kirana Sale Mai Korona a bakin kasuwa, ina amsa musu ina dariya. To ba haka aka yi ba, kuma da na so in tafi kabarina da zancen. Abin da ya hana ni shi ne makon jiya, lokacin da kai Nura, babban ɗana, ka tsaya a tsakar gida riƙe da kwalaben maganin tari da ka zaƙulo daga ƙarƙashin katifar ƙanenka Kabiru, kana cike da fushi.

"Baba, a gidan nan ba mu da ɗan ƙwaya," in ji ka. "Ban san inda ya kwaso wannan hali ba. Gidan mari za a kai shi su gyara masa zama."

Uwarku Hajara tana tankaɗen gari a ƙofar kicin. Ta ɗaga kai ta dube ni, kallo ɗaya, ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa na ɗauki buta na nufi bayan gida kamar wanda fitsari ya matsa. Na ji kunyar kaina a ranar. Shi ya sa na sayi littafin nan na 'yan makaranta, nake rubutu da hannun da ya fi sanin diga fiye da biro. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, ku karanta har ƙarshe.

Kun san sana'ata. Shekara talatin da wani abu ina haƙa rijiya, daga unguwannin Kontagora har ƙauyukan Nasko da Zugurma. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa da diga, ɗaya a sama riƙe da igiya. Mai igiyata shi ne Ishaya, wanda kuke kira Baba Ishaya, mutumin Tungan Magajiya, Kirista, Dukanci ne harshensa, Hausarsa kuwa har yau ina tsokanarsa a kanta. Da rani yakan bar gida ya zo mu yi aiki, da damina ya koma gonarsa. Muna da ƙa'ida da muka gada daga waɗanda suka koya mana. Kafin a shiga rami mai zurfi sai a zura fitila, in ta mutu ba a shiga, sai a ɗaure reshen dogon yaro mai ganye a yi ta jan sa sama da ƙasa har iska ta sauya. In an shiga kuwa, igiya na ɗaure a ƙugun na ƙasa, kuma na sama ba ya yin shiru. Jim kaɗan sai ya leƙa ya yi kira. Dalili shi ne muguwar iskar rijiya ba ta da zafi, daɗi ma take sa wa mutum, ya ji barci na ɗaukarsa, ba zai taɓa neman taimako ba don bai san yana mutuwa ba. Saboda haka ba a jiran na ƙasa ya yi magana. In an kira sau biyu bai amsa ba, ja kawai ake yi. Na ji muryar Ishaya daga sama fiye da yadda na ji ta kowane ɗan Adam, kuma kullum maganar ɗaya ce:

"Sale, kana nan?"

Wata shekara a Nasko gefen rijiya ya zube ya danne ni har ƙugu. Ishaya ya fito da ni da rai, amma bayana bai sake komawa daidai ba. Da na kasa sunkuyawa, wani mai kemis ya ba ni ƙwaya koriya, ya ce tiramol ce, ma'aikata ƙarfafa duk ita suke sha. Ranar da na fara sha na haƙa abin da nake haƙawa a kwana biyu, na fito ina waƙa. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, daga nan na daina ƙirgawa. Shekara bakwai na yi a haka. Ba a taɓa tsinto ni a kwata ba, ban taɓa tangaɗi a hanya ba, sahun gaba nake salla, shi ya sa na riƙa gaya wa kaina ni ba ɗan ƙwaya ba ne, mai ciwon baya ne. A naɗin hulata nake ɓoye ta, ina ganin na yi dabara. Na manta wadda ke wanke mini huluna.

Sai annoba ta zo. Aka sa dokar zama a gida, aka tsare hanyoyi, har Juma'a aka hana na wani lokaci. Ni ba ciwon ya dame ni ba, kuma ba rashin aiki ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne mai kemis ɗin ya ce kaya ba sa shigowa, daga baya ma ya rufe shagon ya tafi garinsu. Na zagaya duk inda na sani a kwanakin da ake sassauta doka, ina rarrashin yaran da na girme wa iyayensu, ban samu ba sai 'yar kaɗan. Na koma buɗe ƙwaya ɗaya ina raba garinta gida uku ina lasa. Ranar da ta ƙare ƙarƙaf na zauna a bakin gado ina juya hulata ina karkaɗewa, ko Allah ya sa wata ta maƙale.

Abin da ya biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gani. Gumi, zawo, hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye na zuba ba kuka nake ba. Ƙafafuna suka ƙi zama wuri ɗaya, kamar an zuba mini cinnaku a cikin ɓargo. Barci ya ƙaurace mini kwata-kwata. Na yi jifa da kwanon tuwo, na daka wa uwarku tsawar da ban taɓa yi mata ba tun da aka ɗaura mana aure. Rannan kuma na yanke jiki na faɗi a tsakar gida ina shure-shure kamar mai farfaɗiya, ku kuna wajen maƙwabta ba ku gani ba. Amma yayana Garba, wanda kuke kira Baba Babba, ya shigo ya tarar da ni a ƙasa. Ya tsare uwarku da tambaya har ta gaya masa gaskiya.

"Ashe shaye-shaye yake yi, da furfurarsa," in ji shi. "To kada wanda ya ji. Akwai wani malami can hanyar Zugurma, irin waɗannan yake gyarawa. Jibi in an buɗe hanya, zan zo da mota."

Ina kwance ina jin sa, kuma na san gidan da yake nufi, don ni na haƙa musu rijiya. Kwana goma sha biyu na yi a gidan. Ina can ƙasa nake jiyo ƙarar mari a kan ƙasa in an fito da su alwala, ƙarfe na jan ƙarfe. Akwai wani dattijo sa'ana da yake kawo mana ruwan sha yana jan ƙafa, idon sawunsa duk gyambo. Kullum in ya ajiye kofin sai ya rage murya ya ce, "Malam, yau wace rana ce?" In na gaya masa sai ya yi godiya kamar na ba shi kyauta. Da Yaya Garba ya fita na kama ƙafar uwarku, ni mijinta, na roƙe ta. Na ce ko me za a yi mini a yi, amma kada a kai ni can.

Ba ta ce mini komai ba. Kun san halinta, in ta yi shiru ta riga ta gama shawara. Ranar da ya ce, da hantsi, Yaya Garba ya iso da motar haya da ƙarti biyu. Ni ina ɗakin baya inda ta mai da ni, amma tagar na kallon zaure, ina ganin komai. Ta ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa, ta naɗe hanci da baki da gyale, ta tsaya ta tare hanya.

"Yaya, don Allah kada ka matso. Jiya ma'aikatan lafiya suka zo, sun ce ciwon nan ne."

"Wane ciwo?"

"Korona. Sun ce duk wanda ya taɓa shi sai an tafi da shi an killace, shi da iyalansa."

Yaya Garba shi ne wanda ke cika majalisa da cewa korona ciwon masu hawa jirgi ne, ba ta san hanyar Kontagora ba. Sai ga shi ya ja da baya har dunduniyarsa ta faɗa kwata. Ƙartin nan biyu kuwa tuni sun koma mota, direba ya ta da inji tun ba a ce ya tayar ba. Ba wanda ya tambaya waɗanne ma'aikata ne, ko yaushe aka yi gwaji. Duk da halin da nake ciki sai da na yi murmushi. Ta shigo ta kwance gyalen.

"Ƙarya na yi, Malam, kuma na san ƙarya ce," in ji ta. "Wannan tsakanina da Allah ne. Kai dai ka warke."

Kafin azahar unguwa ta ɗauka. Wannan ɓangaren kun fi ni saninsa, don ku aka riƙa nunawa da baki, ku aka kora daga famfon unguwa, ku abokanku suka guda. Abin da wataƙila ba ku lura ba shi ne saura kwana kaɗan a fara azumi, kuma uwarku ƙosai da kunu take sayarwa a bakin titi. Watan azumi shi ne kakar cinikinta, shi take jira duk shekara. Ranar farko ta soya kamar yadda ta saba, ta ajiye a ƙofar gida tun da ba halin fita titi. Ba wanda ya zo. Masu wucewa ma tsallakawa suke ɗaya gefen. Ta kwashe ƙosan ta raba muku, washegari ta sake gwadawa, rana ta uku ta kife kaskon.

Bayan kamar mako biyu jikina ya fara lafawa. Zawo ya tsaya, na fara cin abinci, uwarku ta fara murna. Ashe babban ciwon bai iso ba. Wani duhu ne ya sauko mini a zuciya, ban san da me zan kwatanta muku shi ba. Ba baƙin ciki ba ne irin na rasuwa, wanda mutum zai yi kuka ya ji sanyi. Komai ne ya zama ba ɗanɗano. In na ji dariyarku a tsakar gida sai in ji kamar daga wani gari take zuwa. Salla ma sai in tsaya in rasa raka'a nawa na yi. Ga shi ban taɓa kwanciya ciwo a rayuwata ba a cika mini ɗaki da 'yan dubiya ba, ko zazzaɓi ne sai an zo an ce sannu. Wannan karon ko sallama ba a yi a ƙofar gidana. Na san dalili, na san ƙaryar da ke tsare ni ce ta kore su, amma zuciya ba ta jin wannan bayanin. Abin da take nanata mini daga safe har yamma shi ne: ka kashe wa matarka sana'a, ka ja wa 'ya'yanka gori, mutane suna azumi kai kana kwance kana ci da rana saboda ƙwaya, gidan nan ya fi sauƙi in babu kai. Tun ina korar maganar har na fara ganin gaskiya ce tsagwaronta.

Wata rana a tsakiyar azumin, bayan azahar, zafi ya kwantar da kowa. Na fito daga ɗakin baya na nufi rijiyar tsakar gida, wadda na haƙa da hannuna shekarar da aka haifi Nura. Na ɗage murfin na zauna a bakinta. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba iska na fito sha ba. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne hankalina a kwance yake a lokacin, ban ji fargaba ba ko kaɗan. Ban ji tahowar uwarku ba, sai dai na ji an zauna kusa da ni an riƙe gefen rigata. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba don kada ku farka.

"Malam, yashe za ka yi?" in ji ta, a hankali. "To jira in ɗauko igiya. Kai ka ce ba a shiga rijiya sai da mai riƙe igiya."

Na kasa kallon ta. Muka zauna haka har inuwa ta juya, ita ba ta saki rigar ba, ni ban motsa ba. Daga baya ta ja ni muka koma ɗaki, ta fita ta mai da murfin ta sa masa kwaɗo, makullin kuma ta ɗaure a bakin zanenta. Kun tuna kun yi ta gunaguni a kan sai an nemi Inna kafin a ja ruwa. Da ta dawo ta zauna a bakin ƙofa, a nan ne ta yi kuka.

"Na yi kuskure," ta ce. "Na raba ka da mari, na kuma raba ka da mutane. Ni kaɗai ba zan iya ba."

A yammacin nan ta buga wa Ishaya waya. Ba ta gaya masa komai ba sai cewa abokinsa ba lafiya. Ruwan shuka ya riga ya sauka a wajensu, amma washegari da la'asar sai ga shi a kan babur, ya biyo hanyoyin daji don kauce wa shingayen jami'ai, jikinsa duk laka. Maƙwabta suka yi ta ɗaga masa hannu daga nesa wai kada ya shiga. Ya kafe babur ɗinsa a zaure ya tsaya yana saurare.

"Maman Nura, rediyo ya ce mai korona tari yake yi. Tun ɗazu nake nan ban ji tari ba. Gaya mini gaskiya."

Ta gaya masa duka, har zancen rijiya.

"Na san yana sha," in ji shi. "Mutum ya haƙa daga safe har la'asar bai nemi hutu ba, ai ba ƙarfinsa ba ne. Na gani na yi shiru, don aiki na sauri. Wannan laifina ne. Mai igiya ba ya shiru."

Na ƙi buɗe masa ƙofa. Kunya ta hana ni, kuma a lokacin ba na son ganin fuskar kowa. Bai matsa ba. Ya kife tsohon turmi a ƙarƙashin tagata ya zauna, ya shimfiɗa tabarmarsa a zaure. Ba wa'azi ya yi mini ba, ba faɗa ba. Jim kaɗan dai sai in ji muryar nan da na sani ta shigo ta taga, "Sale, kana nan?" In na yi shiru sai ya sake, in na sake shiru sai ya miƙe ya leƙo ya ga ina numfashi, ya koma kan turminsa. Tsakanin kira da kira yana ta surutu shi kaɗai, labarin akuyarsa da ta haifi uku, labarin wani mai gida a Zugurma da ya sa muka haƙa rijiya inda bokansa ya nuna muka tarar da dutse. Kwana biyu cur ban tanka masa ba. Rana ta uku da hantsi ya yi kiran, sai na ji haushi ya taso mini, haushi na gaske, abin da na daɗe ban ji irinsa ba.

"Ina nan! Ina zan je? Kai wane irin maye ne, ba ka da gona ne?"

Sai na ji ya bushe da dariya har da buga cinya.

"Maman Nura! Ya yi zagi! Dama masa kunu, mutuminki yana nan!"

Daga ranar na fara amsawa. Ya samo tsofaffin buhuna ya warware zarensu, ya riƙa miƙo mini ta taga wai in tufka mana sabuwar igiya, tsohuwar ta gaji. Na san dabara ce, amma na karɓa, don hannuna ya gaji da zaman banza. Bayan 'yan kwanaki na buɗe ƙofar. Shi ne kuma ya kafe sai mun je asibiti. Ya ce ƙanensa burkutu ta cinye, sun yi ta ɓoyewa don kunya har suka binne shi, ba zai sake wannan ba. Ranar da aka sassauta doka ya goya ni a babur, na rufe fuska da takunkumi, karo na farko da abin ya yi mini amfani. Ma'aikacin da muka samu matashi ne, bai kai Nura ba ma a ganina. Na zaci zai yi mini kallon banza. Ya saurare ni har na gama, ya ce yanke ƙwayar lokaci ɗaya da na yi haɗari ne babba, faɗuwar nan da na yi tana iya kashe mutum, da a hannun likita aka rage ta sannu a hankali. Sannan ya tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata, ko na taɓa tunanin raba kaina da duniya. Na ce e.

"Baba, wannan duhun ciwo ne, ciwon damuwa," in ji shi. "Ba rashin imani ba ne, ba lalacewa ba ce. Yana da magani, amma sai kana dawowa."

Na riƙa komawa. Kada ku ɗauka daga nan komai ya miƙe. Wata da watanni na yi ina jan jiki, wata rana in tashi garau, wata rana duhun ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Da rani ya zagayo muka koma aiki, bayana ya motsa, mai kemis ya dawo ya buɗe shago, na saya na sha biyu. Ina ƙasan rijiya Ishaya ya yi kiran da ya saba, na tsaya da diga a hannu na ce masa ina nan, amma na sha. Ya ce in fito. Muka bar aikin mutane a ranar muka koma asibiti. Tun daga nan ban sake ba, yau shekara huɗu ke nan da wani abu, kuma har yanzu in na wuce shagon kemis sai in ji yawuna ya tsinke. Na faɗa muku ne don ku san ba waliyyi ya haife ku ba.

Abin bai tafi a banza ba. Kafin unguwa ta manta, wata ta riga ta kafa kaskonta a wurin uwarku a bakin titi, masu saye sun saba da ita. Uwarku ba ta sake samun wurin ba, shi ya sa kuka ga ta koma ƙuli-ƙuli a cikin gida, sana'ar da ba ta so. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, wannan ya fi gorin ciwo. Ishaya ya yi kwana ashirin a zaurenmu a lokacin shuka, dawarsa ta yi latti, shekarar sai da ya sayi hatsi. Sai kuma Baba Babba, wanda kuka riƙe a zuciya har yau, kuna cewa ya guje mu ranar wuya, kuna gaishe shi a tsaitsaye. Ku daina. Uwarku ce ta tare masa ƙofa. Buhun masarar da mai shagon kan kwana ya aiko mana a azumin nan, wanda muka ce ba mu san mai shi ba, Baba Babba ne ya biya. Ba mugu ba ne, maganin da ya sani ke nan ya kawo. Shekaranjiya na je na gaya masa gaskiyar koronar. Ya dube ni ya daɗe, ya tashi ya shige gida. Zan koma, in ya sake shigewa in sake komawa.

Yanzu Nura, ga amsar tambayarka. Ka ce ba ka san inda Kabiru ya kwaso ba. Ban ce daga wurina ya gada ba, Allah ne masani, amma a gidan nan akwai ɗan ƙwaya tun kafin shi, kuma shi ne ya biya maka kuɗin makaranta. Na san tsoro ne ya sa ka fushi, kana son ƙanenka. Amma ka ji da kyau: muddin ina numfashi ba mai sa wa ɗana ƙarfe a ƙafa. Ba kuma za mu ara masa wani ciwo ba, mun gwada wannan mun ga inda ya kusa kai ni. Duk wanda ya tambaya a gaya masa Kabiru ba shi da lafiya, ana yi masa magani, mai son dubiya ya shigo. Ranar Litinin zan kai shi asibiti da kaina, kai za ka tuƙa mu. Makullin rijiya ya koma bakin zanen uwarku, kada wanda ya yi gunaguni.

Tun ranar da ka watsar da kwalaben nan a gabansa Kabiru ya shige ɗakin baya ya turo ƙofa, abinci ma sai an ajiye masa a bakin ƙofa. Kun gan ni na kife turmi a ƙarƙashin tagar kuna ta kallona, ƙanwarku har tana tambayar Inna ko Baba lafiya. Lafiyata ƙalau. Kwana uku ina kira yana shiru, in na kira sau biyu in miƙe in leƙa. Yau da hantsi, ina tsakiyar rubuta wannan shafin a kan gwiwata, na ɗaga kai na ce, "Kabiru, kana nan?" Shiru. Na sake. Har na dafa bango zan miƙe, sai na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa, a dishe.

"Ina nan, Baba."

Na ce masa to, ni ma ina nan, kuma ba inda za ni.